Hannun Umma

Mu biyar Umma ta haifa, mata uku, maza biyu. In muka ce "mu" a nan, dukkanmu muke nufi, har da waɗanda ba su taka ƙafa asibitin ba. Biyu ne suka raka ta Alƙahira, sauran ukun suka zauna a Kano, kowa da waya a hannu. Amma tsoro iri ɗaya muka sha, sakacin ma tare muka yi shi, shi ya sa ba mu raba labarin ba.

Dole mu fara da Inna, yayar Umma ciki ɗaya, Allah ya jiƙanta da rahama. Inna ce mai kitson unguwarsu. Ranar jajibirin salla, tun da asuba har a kira isha'i tsakar gidanta cike yake da mata da 'yan mata, kowacce na tsifa tana jiran layi. Mu matan a tsakanin gwiwoyinta muka girma. Tana da awarwaro shida na azurfa a hannun dama, kuma ƙararsu a gefen kunne ita muka fi tunawa. In ƙarar ta yi sauri, kitso ya kusa ƙarewa. In ta tsaya, to Inna ta shiga ba da labari.

Da sankarar mama ta kama ta, an cire nonon dama gaba ɗaya, aka kuma kwashe kaluluwar da ke hammatarta. Wurin aikin ya warke, muka yi murna. Bayan wata bakwai ko takwas sai zobenta ya ƙi fita. Daga nan awarwaron suka fara shiga nama. Biyar da sabulu aka zare su, na shidan sai da aka kira maƙeri ya yanka. Hannun ya ci gaba da kumbura har ya ninka ɗan'uwansa, ya yi nauyi, fatar ta yi tauri. Tela ya riƙa buɗa mata hannun riga na ɓangare ɗaya. Ɗan ƙwarzane kaɗan sai hannun ya yi ja, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana da kwanaki. Kitso ya tsaya. Shekara huɗu ta yi a haka, hannun a kan filo, kuma Umma ce ta yi jinyarta. Ita ke yi mata wanka, ita ke shafa mata man kaɗanya, ita ke ɗaga hannun in za a sa riga.

Shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar Inna, Umma ta ji ƙullutu a nata nonon, shi ma na dama. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wata bakwai ta yi tana ɓoyewa, mu kuma da muke ganin mun yi boko mun ga alamu muka kau da kai. Mun ga ta daina bari a cuɗa mata baya. Mun ga ƙullin magani iri-iri a ƙarƙashin katifa, muka ce ai na sanyi ne. Babu wanda ya zauna ya tambaye ta, don a gidanmu ɗa ba ya tambayar uwa abin da ke ƙarƙashin zaninta. Sai ranar da babbarmu mace ta faɗa ɗaki ba sallama, ta same ta tana shafa wani baƙin haɗi a wurin.

A daren muka taru. Umma ta bari muka gama kuka da surutu, sannan ta ce, "Ku saurara. Mutuwa kowa da ranarsa, ban damu da ita ba. Hannun Yaya ne ba na so. Na ga abin da asibiti ya yi masa." Ta ɗaga nata na dama ta nuna mana. "Tun da mahaifinku ya rasu, da wannan na murza dubulan, na naɗa alkaki, na daka nakiya, har kuka gama makaranta. Ba zan zauna ana sa mini riga ba."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu da amsar da za mu ba ta, don mu ma iyakar saninmu ke nan: an je asibiti, an yi aiki, hannu ya tafi.

Da ƙyar ta yarda aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako kuma ya tabbatar da abin da muke gudu. Likitar da ta duba ta mace ce mai haƙuri. Ta daɗe tana lalube a hammatar, ta tura aka yi hoto, sannan ta faɗa mana abin da ba mu taɓa ji ba. Ƙullutun bai kai girman goro ba, irin mai tafiya a hankali ne, kuma babu alamar komai a hammata. Mai irin wannan hali, in ji ta, ba lallai ne a kwashe mata kaluluwa duka ba. Akwai hanyar da ake gano ta farko kaɗai, a cire, a duba. Ana yi da wani shuɗin rini, ana yi da allurar nukiliya, kuma an fi samun tabbaci in aka haɗa biyun. Sai dai sassan asibiti masu wannan allura a ƙasarmu da yatsu ake ƙirga su. Kawunmu ya taɓa jinya a Masar, ya san hanya. Muka sayar da fulotin da Abba ya bari, Umma ta kawo sarƙarta ta gwal, aka nemi biza.

A Alƙahira tafintanmu wani ɗalibin Azhar ne, ɗan Agadas, mai sanyin magana. Shi ya kai mu wani sashe a ƙasan bene, ƙofarsa ɗauke da alamar rawaya mai fuka-fuki uku kamar fanka. Da autarmu ta tura hoton ƙofar a rukuninmu na WhatsApp, nan take Yaya Babba ya kira.

"Nukiliya? Abin da ya cinye Hiroshima za a ɗura wa Umma?"

Umma ta karɓi wayar. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. "Kwantar da hankalinka, Babban gida. Bari mu ji ta bakinsu tukuna."

Likitan sashen dattijo ne. Ya jawo takarda ya yi zane, tafinta yana mayarwa da Hausa. A jikin mutum, ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsatso cikin nama su mayar da shi jini. A kan hanyoyin akwai tashoshi masu tace ruwan, su ne kaluluwa, waɗanda ba ma sanin da su sai sun kumbura. A hammata kaɗai akwai kamar ashirin zuwa arba'in. Ruwan da ke fitowa daga naman mama ta nan yake bi, na hannu ma ta nan yake bi. In ƙwayoyin sankara za su bar mama su yaɗu, yawanci wannan hanya suke fara ɗauka, shi ya sa likitoci suka daɗe suna kwashe tashoshin duka don kada wani abu ya saura. Amma in aka rushe tashoshin, ruwan hannu ya rasa mafita, sai ya taru. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa irin wannan kwasar hannunta kan kumbura. In ta farko kaɗai aka cire, abin yakan sauko zuwa kusan shida cikin ɗari.

Tafinta ya lura Umma ta fara ɓacewa a cikin zanen, sai ya ajiye fassara ya yi nasa bayanin. "Hajiya, kamar fatake ne. Ayarin da ya taso daga Agadas zai yi Kano, dole ya sauka a zangon farko kafin na biyu. In ana neman ɓarawon da ya biyo hanya, sai a je zangon farko a tambaya. In bai sauka can ba, da wuya a ce ya yi gaba. Ba sai an rushe zango talatin ba."

"To, ɗan nan, ta yaya za a san wanne ne na farko?"

"Sai a tura ɗan aike ya bi hanyar, riƙe da fitila."

Ɗan aiken wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake yi da albumin, wani furotin da ke cikin jinin ɗan Adam. Ana kiran irinsu ƙwayoyin nano saboda ma'aunin da ake auna su da shi. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Waɗanda aka yi wa Umma amfani da su kusan dukkansu ba su wuce nanomita 80 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya yakan kai nanomita 80,000. Wato sai an jera guda dubu kafin su ƙetare faɗin gashi ɗaya. Da aka faɗa wa Umma haka ta yi shiru, can ta ce da Yaya na nan da ta fi kowa gane wannan lissafi.

A girman nasu dabarar take. In sun cika ƙanƙanta sai su zarce ta cikin kaluluwa su faɗa jini. In sun cika girma sai su maƙale a inda aka yi allurar. Na tsaka-tsaki kuwa ruwan jiki ya kwashe su, su isa zangon farko, sojojin garkuwar jiki da ke gadi a can su haɗiye su, su zauna. Wani abu da likitan ya maimaita sau biyu shi ne, ƙwayoyin nan ba su san sankara ba, ba sa kuma nemanta. Hanya kawai suke bi, hanyar da ita ma za ta bi in ta tashi tafiya. Sanin ko ta sauka a zangon aikin madubin likita ne, bayan an ciro kaluluwar.

Fitilar kuma wani sinadari ne da ake liƙa musu, sunansa teknetiyam-99m. Yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gama, mai ratsa nama da fata ya fito waje inda na'ura za ta kama shi. Abin da jiki ke sha daga wannan allura bai kai na hoton CT ɗaya ba. Kuma fitilar gajeren rai gare ta: kowace awa shida rabin ƙarfinta ke tafiya. Wannan ne ya kwantar wa Yaya Babba da hankali. Wannan ne kuma ya jawo mana jira.

An ba mu ranar Lahadi, don a Masar Lahadi ranar aiki ce. Ana gobe sai aka kira aka ce an ɗaga zuwa Talata, janareto bai iso ba. Muka dubi juna. Daga Kano ƙaninmu ya rubuto: "Mun sayar da fuloti mun tsallake Sahara, ashe ɗauke wuta ya riga mu zuwa."

Wata ma'aikaciyar sashen ce ta warware mana. Janareton nasu ba ruwansa da wutar lantarki. Wata 'yar tukunya ce mai nauyi, lulluɓe da dalma, girmanta kamar na kular abinci. Tunda teknetiyam ba ya ajiyuwa, babu mai iya zuba shi a kwalba ya aiko daga nesa, kafin ya iso ya mace. Sai ake aiko da uwarsa, molibdenam-99, wadda ke rikiɗewa a hankali tana zama shi, ita kuma sai awa 66 rabinta ke tafiya. Tana maƙale a cikin tukunyar, kowace safiya a zuba ruwan gishiri ya wanko abin da ta haifa cikin dare, a haɗa shi da garin ƙwayoyin a 'yar kwalba. Masu aikin da kansu saniya suke ce wa tukunyar, wankowar kuma tatsa. Bayan mako ɗaya ko biyu saniyar ta ƙafe, sai an kawo sabuwa.

Umma, wadda kakarta Bafulatana ce, ta riga mu ganewa. "Ashe madara ce. Ba ta kwana, kuma sai inda saniya take."

Ita uwar, daga fasa ƙwayar zarrar yuraniyom ake samunta, a wasu tukwanen nukiliya 'yan kaɗan da duniya ta dogara da su: Petten a Holan, Mol a Beljiyam, Pelindaba a Afirka ta Kudu, da wasu a Ostireliya, Folan da Jamhuriyar Cek. A 2009 da ta Chalk River a Kanada ta tsaya fiye da shekara guda, asibitoci a ƙasashe da dama sun shiga ƙarancin wannan allura. Tafintanmu ya gama fassara ya yi tsit, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Yuraniyom dai irin wanda ake haƙa a Arlit, arewa da garinmu, tun 1971. Na tashi ina ganin manyan motoci suna wucewa da shi. Ban taɓa sanin yana da 'ya'ya masu aikin asibiti ba."

Kwana biyun jiran nan autarmu, wadda ke karatun haɗa magunguna, a kan waya ta yi su. Tana karantawa tana turo mana. Teknetiyam shi ne sinadari na farko da ɗan Adam ya samar da hannunsa, Carlo Perrier da Emilio Segrè ne suka gano shi a Palermo ta Italiya a 1937. Saniyar kuma a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka aka ƙirƙiro ta a 1958. A 1993 wani likitan tiyata, David Krag, ya nuna ana iya bin wannan haske a gano kaluluwar farko a masu sankarar mama. A 2003 Umberto Veronesi da abokan aikinsa a Milan suka fitar da sakamakon gwaji a kan mata 516, wanda ya nuna hanyar tana da tabbaci, kuma waɗanda aka bar wa hammatarsu sun fi samun sauƙin ciwo da motsa hannu.

A kan wannan shekarar Auta ta tsaya. 2003, shekara huɗu kafin a yi wa Inna aiki. Ranta ya ɓaci, namu ma ya ɓaci. Ashe ilimin yana nan a duniya lokacin da maƙeri ke yanka awarwaron Inna. Washegari da muka je wurin likitan tiyata, Auta ta zayyana masa labarin, muryarta na rawa. Ya saurara har ta gama, sannan ya juya ga Umma ya tambaye ta a wane hali yayarta ta je asibiti.

Umma ta sunkuyar da kai. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Da ta buɗe baki, abin da ta faɗa babu ɗayanmu da ya taɓa jin sa. Inna shekara biyu ta yi tana ɓoyewa. Sai da wurin ya fashe yana ruwa aka kai ta, kuma a lokacin hammatarta ta cika da ƙullutai har ba ta iya sauke hannu sosai. "Ni kaɗai ta faɗa wa," in ji Umma. "Ni na riƙa rakata wurin masu magani. Ta ce in rufa mata asiri, na rufa."

Likitan ya ce, a hankali, mai irin wannan hali ko a Milan take sai an kwashe. Ɗan aike ba shi da amfani in an riga an ga ɓarawo a kowane zango. Likitocin Inna abin da ya dace suka yi. Wannan hanya ta masu zuwa da wuri ce, tun hammata tana lafiya. Ya ƙara da cewa da na Umma irin mai sauri ne, wata bakwai ɗin nan sun isa su fitar da ita daga layin.

A tasi babu wanda ya yi magana. Shekara goma sha biyar Umma ta yi tana riƙe da cewa asibiti ne ya ci hannun yayarta, kuma wannan riƙon ne ya sa ta bi sawun yayar taki ɗaya bayan ɗaya, har ta kusa kai nata hannun inda wancan ya je. Da muka isa masauki ta shiga ɗaki ta rufe. Muna jiyo kukanta, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Inna.

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe aka yi allurar, 'yar ƙarama, a ƙarƙashin fata kusa da wurin. Umma ta ce zafin kamar harbin zuma. Aka ce ta riƙa murza wurin a hankali. Bayan kamar awa biyu aka kwantar da ita ƙarƙashin wata faffaɗar na'ura, aka bar mu muka leƙa allon kwamfuta. Duhu ne ko'ina, sai wani babban haske a inda aka yi allurar, can gefe kuma wani ɗan ɗigo shi kaɗai. Ma'aikaciyar ta ɗauki alƙalami ta yi alama a fatar hammatar. Kafin a shiga tiyata likitan ya zo da wani ƙarfe kamar alƙalami mai kauri, ya bi da shi a kan fatar. Daga nesa ƙara ɗaiɗai yake yi. Da ya matso kan alamar sai ƙarar ta yi sauri, ta haɗe. Babbarmu ta kama hannun Auta ta matse, don ta san inda ta taɓa jin ƙarar da ke sauri in an kusa gamawa.

A bakin ɗakin tiyata ba mu da abin yi sai carbi da lissafi. Ƙarfe uku na rana, lokacin da aka turo ta waje, rabin fitilar ya tafi. Tara na dare saura kwata. Kafin hantsin washegari saura kashi ɗaya cikin goma sha shida. An cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, an bar nonon. Daga hammata kaluluwa biyu aka ciro, duka biyun suna ƙara, ɗaya kuma ta rine da shuɗin da aka ƙara a cikin ɗakin. Gwajin gaggawa ya ce babu komai a cikinsu, cikakken gwaji ya tabbatar bayan kwana biyar. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da Umma ta farfaɗo, kafin ta tambayi komai sai da ta ɗaga hannun ta motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da safe kuma ta fito daga banɗaki tana salati, fitsarinta ya koma shuɗi-kore saboda rinin. Ta ce sun mai da ita marinar Ƙofar Mata.

Aiki bai ƙare a nan ba. An yi mata gashi na makonni, aka ɗora ta a kan ƙwayar da za ta sha kullum aƙalla shekara biyar. A ɗaya daga cikin ranakun gashin ne muka koma wurin dattijon ƙasan bene da tambayar da ta tsaya mana. Tunda ana iya ba ɗan aiken fitila, me ya hana a ba shi wuta ya je ya ƙona ciwon daga ciki, a huta da wuƙa?

Ya yi murmushi ya ce abin da ɗakunan bincike da yawa ke nema ke nan, kuma tunanin tsoho ne. Tun shekarun 1940 aka gwada ƙananan ƙwayoyin zinariya masu fitar da irin wannan ƙarfi. A yau ana magance wasu ciwukan dajin hanta da ƙwayoyi masu ɗauke da itiriyam-90, waɗanda ake zurawa ta jijiyar da ke ciyar da ciwon, su maƙale a can su ƙona abin da ke kusa da su a tazarar 'yan milimitoci. Sai dai waɗannan sun ninka na Umma girma sau ɗaruruwa, kuma har ƙofa ake kai su. Wahalar tana ga na nano da ake so a sake su cikin jini su nemo ciwo da kansu. A 1986 wasu masana biyu a Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, suka nuna jijiyoyin da ke ciyar da ciwon daji suna yoyo, don haka ƙananan abubuwa kan taru a wurin. An ɗora buri mai yawa a kan wannan. A 2016 wasu masana a Toronto suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka ga a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai ke isa ga ciwon. Yawancin sauran hanta da saifa ke haɗiyewa. In fitila ce ta ɓata hanya, hoto ne kawai bai fito da kyau ba. In wuta ce, lafiyayyen nama za ta ƙona. Shi ya sa akasarin wannan aiki har yanzu yana matakin gwaji.

Mun ji daɗin wannan amsa daga baya, don muna dawowa gida muka tarar an cika mana waya da tallar wasu kwalabe masu "nano" a jikin sunansu, wai suna narkar da kansa ba tiyata. Mun san me za mu ce wa masu turowa.

Yau shekara uku ke nan. Hannun Umma yana nan daidai da ɗan'uwansa, ko da yake likita ya ce a riƙa lura, don kumburi kan iya zuwa ko bayan shekaru. Ba ma mantawa cewa fulotin Abba ne ya kai mu inda saniyar take, kuma mata nawa ne a layinmu ke da fulotin sayarwa? Wannan tambaya tana nan tare da mu, ba mu da amsarta.

Abin da ke hannunmu shi muka kama. Mu matan, da 'ya'yan Inna mata, duk shekara muna zuwa a duba mu, tunda abin ya taɓa 'yan'uwa biyu ciki ɗaya. Umma kuma, wadda a da ko kalmar ba ta iya furtawa, ta zama wadda mata ke zuwa wurinta a ɓoye. Takan ja mace ɗaki ta rufe ƙofa, ta ɗaga hannu ta nuna mata ɗan tabon, ta ce, "Kin ga iyakarsa. Na Yaya kuwa ɓoyo ne ya ci shi, kuma da ni aka yi ɓoyon." Mata biyu ta raka da ƙafarta wurin likitar nan mai haƙuri. Ɗaya ta je da wuri, aka yi mata a nan gida da shuɗin rinin kaɗai, tana nan tana sana'arta ta ɗinki. Ɗayar sai da ta kai inda Inna ta kai kafin ta zo. Umma na zuwa gidanta ranar Juma'a da man kaɗanya.

Awarwaron Inna tun rasuwarta suna ƙasan akwatin Umma, ƙulle a tsumma, ba ta taɓa sa su ba. Da bikin Auta ya matso, ranar da za a fara aikin gara, muka shigo da safe muka tarar har ta baje tire ta kwaɓa fulawa. Biyar ɗin suna hannunta na dama. Na shidan, wanda maƙeri ya yanka, ta ce a bar shi a akwati yadda yake. Muka wanke hannu muka zauna kewaye da ita, tana murza dubulan suna ƙara, tana faɗan wai mun cika nawa.